Masarar da Baffa Audi Ya Gyara

A ƙauyenmu, can bayan Dutsi, in kaka ta yi ba mai ware iri sai Baffa Audi ya sa ido. Ƙanen mahaifinmu ne, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne babba a gidan. Gonarsa ba ta fi ta kowa albarka ba, rumbunsa ma yakan riga na mutane ƙarewa, amma an riga an ce yana da idon iri, shi ke nan magana ta zauna. Zai shimfiɗa buzu a ƙofar gida a yi ta kawo masa zangarniyar gero da ta dawa da masara. Ya juya, ya shinshina, ya ɗaga ƙwaya sama ya kanne ido ɗaya, ya jefa ta a baki ya gatsa da ragowar haƙoransa. In shuka ta yi kyau a ce idon Audi ne. In ta lalace a ce ruwa ne ya yi gardama. Ni dai ban taɓa ganin sana'a mai daɗin wannan ba.

Ni acaɓa nake yi tsakanin Dutsi da Daura, kuma noma ba ya cikin abin da na sa a gaba. Yayata Rabi'atu ce ta mai da ni gona. Mijinta ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano, ta gama takaba ta dawo gida da 'yarta Siddiƙa a goye. Nono ya ƙafe mata, aka yaye yarinyar ba shiri, aka ɗora ta a kan tsinkakken koko da tuwo. Kafin bazara ta ƙare ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja yana zubewa, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. A asibiti suka ce tamowa ce, a riƙa ba ta ƙwai da madara da kifi. Yaya ta ce to. Me za ta ce?

Ana cikin haka wasu mutane suka zo da farar mota daga wata cibiyar binciken noma, aka tara magidanta a gindin dalbejiyar ƙofar mai unguwa. Mai jawabin wata matashiya ce mai tabarau, Malama Fadila, wadda ba ta iya kai jimla ƙarshe da Hausa sai ta jingina da Turanci. Abin da na tsinta a maganarta shi ne sun kawo wata masara da aka taɓa ƙwayar halittarta a ɗakin gwaji, don ta riƙa yin wani sinadari mai suna laisin da yawa. Da shi jiki yake gina tsoka, in ji ta, kuma masararmu ta gado ba ta da shi sai kaɗan, shi ya sa yaro zai cika ciki da tuwo yana ramewa.

Magidanta suka yi ta gyaɗa kai kamar suna fahimta. Da suka gane ba za a raba taki ba, sai kowa ya tuna yana da wurin zuwa. Maƙwabcinmu Lado ya tambaya ko ba ta rage wa namiji ƙarfi, aka yi dariya, ya ji daɗin kansa har yamma. Aka miƙa wa Baffa Audi ƙwaya ɗaya. Ya ɗaga ta sama, ya gatsa, ta ruguje masa a baki, ya tofar.

"Malama, wannan ai alli ce," in ji shi. "Ko allon makaranta za mu shuka?"

Taro ya watse a kan haka.

Da na koma gida na ba Yaya labari don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta dubi Siddiƙa a kwance a kan tabarma, ta ce, "Sabiru, tashi ka ɗauko min matar nan kafin su tafi."

Na je na goyo ta a babur. Da shigarta tsakar gidan, kafin ta amsa sannu da zuwa ta ciro waya ta ɗauki yarinyar hoto, ta sa aka ɗaga mata riga ta ƙara wani. Sannan ta zauna. Ta sa direbansu da ya biyo mu da mota ya sauke buhu guda na ci, da wata 'yar jaka ta shuka. Ta ɗebo ƙwaya biyu, ɗaya tata, ɗaya daga kwanon masararmu, ta ce in ɗaga su ga rana.

"Me ka gani?"

"Tamu tana ƙyalli, haske yana ratsa ta. Taku ta yi dishi-dishi kamar gari."

"Yauwa. Wadda haske bai ratsa ba, ita ce mai amfanin. Ku shuka ta nesa da kowace masara, don iska tana kwaso garin furen wata ta zuba wa wata. Duk ƙwayar da ka ga ta koma mai ƙyalli, ta gauraya ke nan. Ku ajiye irinku da kanku, Hajiya, don aikinmu bana zai ƙare, ba za mu sake kawowa ba."

Ta faɗi wannan tana kallon agogo. Yadda za a ajiye ɗin kuwa, ba ta faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Buhun nan shi Siddiƙa ta sha duk damina. Yaya tana jiƙawa, ta kai inji, ta dama kunu ta sa ɗan ƙullin gyaɗa in an samu. Ba zan rantse cewa masarar ce kaɗai ba, ni ba likita ba ne. Amma na ga kumburin ya saɓe, na ga baƙin gashi yana tsirowa a ƙarƙashin jan, kuma wata rana na dawo daga Daura na tarar da ita ta dafa turmi ta miƙe tana zagin akuya da yarenta. Matan gidan suka ce rubutun da Baffa ya karɓo ne ya yi aiki. Yaya ta ce Allah ya saka masa, ta ci gaba da dama kununta.

'Yar jakar kuwa ni na shuka ta a fegin bayan gida, wanda aka ba Yaya da ta dawo. Danga ɗaya ce ta raba shi da gonar Lado. Na same shi tun kafin ruwan shuka na roƙe shi ya sa gyaɗa ko wake a wannan gefen bana.

"Haba Sabiru, wannan har sai ka roƙa? An gama."

Ruwa na sauka ya shuka masara har jikin dangar. Da na yi masa magana ya ce ai ya ɗauka wasa nake, ina aka taɓa jin masara ta yi wa masara ciki ta kan danga. Ya je majalisa ya ba da labari cewa ina gadin masarata kada tasa ta lalata ta. Sati guda ana ce min mai gadin amarya.

Na yi noman fari, na yi maimai, na zuba takin awaki. Ta yi goyo, ta nuna, muka karye muka baza a kan rufin soro ta bushe. Da muka ɓare bawon sai muka ga abin da Malama ta faɗa. Ta tsakiyar fegin duk dishi-dishi take. Ta wajen dangar Lado kuwa ta yi dabbare-dabbare, wasu ma kusan duk ƙwayoyinsu ƙyalli suke kamar an shafa musu mai.

A gidanmu ba a taɓa tarin amfani sai babba ya fitar da iri. Mace ba ta sa hannu a wannan, yaro ma haka, kuma a wurinsu duk wanda bai yi aure ba yaro ne ko da gemunsa ya kai ƙirji. Ranar da aka sauko da masarar Yaya, Baffa ya sa aka kai masa buzunsa tsakar gida. Lado ya leƙo ya tsuguna don kallo. Baffa ya yi bisimilla, ya naɗe hannun riga, ya fara tona tarin. Duk wadda ya ɗauko ta tsakiyar fegi sai ya tsuke baki ya wurga gefe. Da ya kai ga na wajen danga fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi, ashe akwai na kirki a ciki."

Ya ɓanɓare ƙwaya, ya ɗaga ga rana, ya kanne ido. Haske ya ratsa ta. Ya gatsa, ta yi ƙaras.

"Ka ji magana. Wannan ita ce masara."

Na ce, "Baffa, waccan da kake zubarwa ita ce irin. Wannan ta Lado ce ta shige ta."

"To ai sai a gode min," in ji Lado. "Ko tukuici ban nema ba."

Baffa bai ko dube ni ba. Ya sa aka kawo masa faifai, ya shiga gurza masu ƙyallin a ciki, yana tsince 'yan farare-fararen da suka rage yana watsa wa kaji.

"Baffa, matar da ta kawo ta ce wadda haske bai ratsa ba ita ake so."

"Matar da ta kawo ta taɓa riƙe fartanya?"

"Ban sani ba."

"To ni na sani. Hannunta na gani. Kai kuma da kake koya min iri, wane iri ka taɓa fitarwa ban da na hayaƙin babur? Boko ka gudu, gona ka gudu, yau kai ne malamin masara."

Matan da ke bakin murhu suka ƙyalƙyale. Na ciro waya na kira Malama Fadila, na buɗe murya don kowa ya ji. Sai da ta daɗe tana ƙara ta ɗauka, ana ta tafi a bayanta. Ta ce wane Sabiru. Na tuna mata. Ta ce ayyo, ya jikin yaron. Na ce yarinya ce. Na faɗa mata abin da ake ciki, ta ce tana wurin taro a Abuja, in ɗauki hoto in tura mata za ta duba, ta kashe. Har yau tana dubawa.

"Ka ji shaidarka," in ji Baffa.

Sai Yaya ta fito daga ɗaki da Siddiƙa a hannu. Ta durƙusa nesa da buzun kamar yadda aka koya mana, ta yi ƙasa da murya.

"Baffa, ba gardama nake ba. Yarinyar nan ita ta sha ta tashi. Ko kaɗan ne a bar min mai garin in shuka."

Nan ya sassauta, don shi ma yana son Siddiƙa, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Rabi, ke yarinya ce. Ba don kaina nake ba. Wannan abar mai laushi ba za ta kai ruwan shuka ba, ƙwari za su mai da ita ƙura tun kafin azumi. Iri sai mai tauri. In na bar ki kika ajiye wannan, baɗi ki zo ba ki da abin shukawa, wa za a zaga? Ni za a zaga, a ce Audi yana zaune. Tashi ki je, na gyara miki."

Ta ce, "To, Baffa."

Ya ƙulle zaɓaɓɓun a tsumma ya sa aka rataye a ɗakin girki inda hayaƙi zai riƙa bugunsu. Sauran tarin kuma ya yanke hukunci a cinye shi da wuri kafin ƙwari su riga mu. Washegari ina can ina jigilar 'yan kasuwar Daura, ya sa aka gurje ta duka aka kai inji aka surfe. Masarar da aka surfe ba ta tsirowa, ko wawa ya san wannan. Aka raba wa kowane ɗaki na gidan. Mako biyu manyan ƙarti suna cin tuwon da aka yi don mai tamowa, suna ƙorafin ba ya riƙe ciki.

Na dawo na tarar da dusa a gaban awaki. Na juya zan nufi turakar Baffa, Yaya ta riƙe min riga ta ja ni ɗakinta. Ta janye gado. Akwai tukunyar ƙasa a lungu, an rufe da faifai an ɗora dutse. Tun kafin a kai inji ta ɗebi wajen tiya guda ta tsakiyar fegin ta ɓoye.

"Ka rufe bakinka," ta ce. "In ka je ka yi masa rashin kunya, ni za a kora, ba kai ba."

Na rufe. Duk rani ina wuce Baffa a ƙofar gida in gaishe shi har ƙasa, ina dariyarsa a ciki. Mukan taɓa maganar tukunyar da Yaya in ba kowa, amma ba mu buɗe ba, don kada wata ta gani ta kai rahoto.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas muka janye gadon. Tun kafin ta ɗaga faifan na ji warin. Ta tura hannu, hannun ya nutse har wuya. Gari ne da ɓawo da ƙananan ƙwari baƙaƙe suna yawo a kan yatsunta. Muka zazzage a tire muka tona ko za a sami mai rai. Kowace ƙwaya da huda a jikinta, in ka matsa sai ta fashe ba komai a ciki. Yaya ta tattara garin a tiren. Sannan ta ɗauka ta kai wa kaji ta bayan ɗaki don kada a tambaye ta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tsohon ya faɗi gaskiya a kan ƙwarin. Mutum ya yi shekara sittin yana gatsa hatsi, dole wata rana ya gatso daidai. Ita kuma mai tabarau, da ta rage kallon agogo ta ce mana mu toshe irin a jarka, da ba a kai nan ba. Na je wurin wani mai sayar da maganin feshi a Daura na tambaya, ya ce a samu jarkar mai, wankakkiya busasshiya, a cika ta, a ɗaure bakin da leda, iska ba ta shiga, shi ke nan. Maganar da ba ta kai minti ɗaya ba.

Na nemi cibiyar ko za a sami wani irin. Lambar Malama ta daina shiga. Wani ma'aikacin gona a Dutsi ya ce aikin ya ƙare, motar ma an mayar. Ya ce amma ya ga hoton yarinyarmu a jikin wata takarda mai sheƙi, ta yi kyau ƙwarai.

Ba abin da ya rage sai ƙullin Baffa a ɗakin girki, ya yi baƙi da hayaƙi, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba. Shi da kansa ya kwance ya miƙa min a gaban mutane. Na ce wa Yaya ni ba zan ɓata gumina a kan masarar Lado ba. Ta ce in shuka, ko ba komai tuwo ne. A lokacin Siddiƙa ta koma kan koko, ba ta kumbura ba, amma ta tsaya cak, sa'o'inta duk sun wuce ta. Na shuka. Lado ya sa gyaɗa a gefensa a wannan shekarar, ba don ni ba, don gyaɗa ta yi tsada.

Da kaka muka ɓare bawo, sai ga abin da ban zata ba. Yawancin ƙwayoyin masu ƙyalli ne, amma a kowace masara akwai masu garin nan a warwatse, ɗaya nan, biyu can, kamar haƙoran da suka rage a bakin tsoho. Ashe ba ta mutu ba, ɓuya ta yi a cikin waccan.

Baffa ya zo fitar da iri, ya juya guda a hannunsa, ya kira Lado ya gani.

"Ka ga aiki? Bara rabinta alli ce. Bana dubi. Shekara ɗaya nan gaba in na sake tace ta, ko ɗaya ba za ka gani ba. Su suna can da injina sun kasa, ni da ido ɗaya na warkar da ita."

"Sai dai a kai ka Abuja, Malam Audi," in ji Lado.

"Su zo nan dai. Ni ba na zuwa wurin kowa."

Ya ɗebi nasa ya ƙulle. Wannan karon bai ce a surfe sauran ba, tunda a ganinsa ta yi taurin da za ta zauna a rumbu. Aka gurje aka zuba wa Yaya a buhuna.

Tun daga ranar, in ta gama aikin safe sai ta baza tabarma a inuwar ɗaki, ta ɗebo masara a faifai, ta ajiye kwano a gefe. Ƙwaya ɗaya-ɗaya take bi. Wadda ta yi mata shakka ta ɗaga ta ga rana. Mai ƙyalli ta koma buhu, mai gari ta faɗa kwano. Wuni guda ba ya cika kwanon. In ya taru, kashi ɗaya na kunun Siddiƙa ne, kashi ɗaya kuma na jarkar da na wanke na shanya na kawo mata. Na riga na yi magana da wani abokina a garin Babban Mutum da ke da fegi a tsakiyar gonakin gero, inda ba masara ko ta magani. Ranar da ba ni da fasinja nakan zauna in taya ta, idona ya yi ta ruwa, in tashi in bar mata.

Wata rana da hantsi Baffa ya shigo neman butarsa ya same ta a kai. Ya tsaya ya leƙa kwanon, ya leƙa faifan, ya gyaɗa kai.

"Yauwa Rabi, yanzu kika yi hankali. Haka ake yi. Tsince marasa kyan duka, kada ki bar ko ɗaya a ciki."

"To, Baffa. Ba zan bari ba."

"Kaji za ki ba?"

"Akwai mai ci," ta ce.

Ya ɗauki butarsa ya fita yana faɗa wa matan gida su zo su koyi aiki wurin Rabi. Ta jawo kwanon kusa da ƙafarta ta ci gaba da tsinta.